Idan Za a Taɓa Titin Zariya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sa Bakin Jama'a

Titin Zariya na cikin hanyoyin da suka fi shan ababen hawa a Kano. Ta nan motocin Kaduna da Abuja suke shiga gari suna fita. A kansa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, ga tashar Unguwa Uku, ga 'Yan Lemo da 'Yan Katako a Na'ibawa, ga makarantu da masallatai da shaguna birjik gefe da gefe. An taɓa shi ba sau ɗaya ba, an yi Gadar Lado, an yi gada mai hawa uku a Dangi, kuma za a sake taɓa shi ko ba jima ko ba daɗe. Wannan shafi ba sanarwar wani sabon aiki ba ne. Tambayoyi ne da mazauna bakin titi da masu nema a kansa suka saba yi duk sanda aka ga masu awo sun kafa na'ura a tsakiyar hanya. Mutumin Titin Katsina ko na Titin Haɗeja ma zai samu abin ɗauka.

Titin nan na wane ne, tarayya ko jiha? Wa za mu bi?

Asalinsa na tarayya ne, domin yanki ne na babbar hanyar A2 da ta biyo ta Abuja da Kaduna da Zariya ta shigo Kano. Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya tana da kwanturola a kowace jiha, hukumar FERMA kuma ita ke da faci da gyaran hanyoyin tarayya. Sai dai a cikin gari abin ya cakuɗe. Gadar Dangi gwamnatin jiha ce ta yi ta a zamanin Ganduje. Izinin gini a bakin titi na hukumar tsara birane ta jiha ne, wato KNUPDA, ba da hannu da kamun masu saɓa doka na KAROTA ne da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra na FRSC, turakun wuta na KEDCO, bututun ruwa na hukumar ruwa ta jiha. Ƙananan hukumomi irin su Tarauni da Kumbotso su ma suna da ta cewa kan tashoshi da kasuwanni.

Ku fara da allon da ake kafawa a bakin aiki. Yana ɗauke da sunan ma'aikatar da ta ba da kwangilar da kamfanin da ya samu. Ma'aikatar ake bi. Ɗan kwangila abin da aka zana masa yake ginawa, saboda haka yi wa direban katafila faɗa ɓata murya ne kawai.

Gwamnati ta riga ta yanke abin da za ta yi. Maganar talaka me za ta canza?

Babbar shawarar, wato a yi gada ko kada a yi, da wuya taron unguwa ya juya ta. Amma titi ba babbar shawara kaɗai ba ne. Inda za a buɗe wurin juyawa, inda masu ƙafa za su tsallaka, faɗin lambatu da inda zai zubar da ruwansa, inda adaidaita sahu za ta tsaya ta sauke fasinja, duk waɗannan ana iya matsar da su a kan takarda ba tare da an ƙara wani kuɗin kirki ba. Kuma su ne za ku zauna da su shekara da shekaru. Wurin juyawa guda da aka matsar gaba da rabin kilomita ya isa ya sa masu babur su riƙa bin hannun da ba nasu ba har abada.

Ko babbar shawara ma an ga ta juya. A ƙarshen Nuwamba 2022 gwamnatin Kano ta sanar da hana adaidaita sahu bin wasu manyan tituna, har da na Tal'udu zuwa Gwarzo, da nufin manyan motocin haya su maye gurbinsu. Ba a je ko'ina ba ta janye, saboda mutane sun tsaya cirko-cirko a bakin titi babu abin hawa. Da an zauna da fasinjoji da direbobi tun farko, da an ji wannan a ɗakin taro.

Yaushe ne lokacin magana?

Tun ran gini tun ran zane. Aikin titi yana bin matakai: a yi nazari da ƙidayar motoci, a yi awo, a fitar da zanen farko, a tace shi, a sa a kasafin kuɗi, a ba da kwangila, sannan a kawo kayan aiki. Tsakanin awo da zanen ƙarshe shi ne lokacin da injiniya zai iya goge layi ya ja wani. Da zarar an sa hannu a kwangila, kowane canji ya zama ƙarin kuɗi da sai an koma neman amincewa, kuma ba jami'in da yake son wannan wahalar. Mu kuwa mun saba sai mun ga jan fenti a bango muke taruwa, lokacin da abin ya zama ihu bayan hari.

Alamomin da za su tashe ku: masu awo a titi, samari zaune a inuwa suna ƙirga motoci a takarda, ko sunan titinku a kasafin kuɗin da gwamna ya kai Majalisar Dokoki a ƙarshen shekara. Majalisa takan yi zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafin, kuma ƙungiyar unguwa tana iya kai takardarta.

Akwai dokar da ta tilasta a ji ta bakinmu, ko alfarma ce?

Akwai, ko da yake ba kullum ake bin ta ba. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta sa manyan hanyoyi cikin ayyukan da sai an yi musu nazari kafin a fara. Ana ajiye rahoton a wuraren da jama'a za su iya gani, galibi sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli, na tsawon ranakun aiki 21, a sanar a jarida da rediyo, kowa ya rubuta abin da ya gani. Matsalar ita ce rahoton littafi ne mai kauri cikin Turancin ƙwararru, sanarwar kuma takan fito a shafin jaridar da ba mai karantawa a unguwa. Ku nemi a ba ku taƙaitaccen bayani da Hausa. Ba wata babbar buƙata ba ce.

Sai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba kowa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardun aiki, hukumar kuma ta amsa cikin kwana 7. An daɗe ana gardamar ko ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta hau. Idan kuma aikin da kuɗin Bankin Duniya ake yin sa, ƙa'idojin bankin sun wajabta tuntuɓar jama'a da buɗe hanyar karɓar koke tun daga farko har ƙarshe.

An kira hakimi da dagatai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyi. Bai wadatar ba?

Ba a shiga unguwa a tsallake su, kuma mai unguwa ya san kowane gida da tarihin kowane fili. Amma a duba wanda ba ya ɗakin. Matar da take riƙo yara uku ta tsallakar da su makaranta da safe ba ta nan. Ɗan garuwan da ke tura kura cike da jarkoki ba ya nan. Mai jinyar da ke tsallakawa kantin magani daga asibiti da tsakar dare ba ya nan, haka makaho da mai keken guragu da ɗan dako. Waɗanda ke zaune a sahun gaba kusan duk da mota suka zo, kuma mai mota cunkoso yake gani, ba wahalar tsallakawa ba.

Taron da aka sa ƙarfe goma na safiyar Talata a otal ya riga ya zaɓi masu zuwa. Ku nemi a yi shi a makarantar firamaren unguwa ranar Asabar, ko bayan La'asar, da Hausa. A yi wa mata nasu zaman daban, a Islamiyya ko gidan mai unguwa, da mace mai ɗaukar bayani, don a taron gayya da yawansu ba za su ɗaga hannu ba. Kada kuma a bar shugaban ƙungiya ya je shi kaɗai ya dawo ya ce an daidaita.

Ni ban iya karanta zanen injiniya ba. In na je me zan ce?

Ba sai ka iya ba, Malam. Ka ce a nuna maka masallacinku ko shagonka a kan zanen, daga nan sai ka bi da yatsa. Daga ƙofar gidana, ta ina zan tsallaka, kuma taku nawa ne zuwa wurin? In na fito daga layinmu ina son komawa cikin gari, a ina zan juya? Sabon titin zai fi dokin ƙofata tudu? In ya fi, ruwan Agusta ina za shi? Lambatun a rufe yake ko a buɗe, kuma wa zai riƙa yashe shi? Gawa in an ɗauko ta zuwa maƙabarta, ta ina za a bi da ita?

Mafi kyau ma ku roƙi injiniyan ya sauko a taka titin tare, da ƙarfe bakwai da rabi na safe ko dab da Magariba. Ku tsayar da shi a bakin Unguwa Uku ya ga yadda motar haya take lodi a kan kwalta, adaidaita uku sun jeru a bayanta, tirela tana danna ham, wata tsohuwa kuma ta maƙale a kan shingen tsakiya da ƙullin kaya a ka tana jiran wanda zai kama hannunta. Minti ashirin a nan ya fi shafi ashirin na koke. Shi ya san lissafin kankare da nauyin mota, ku kuka san inda ruwa yake kwanciya da inda aka buge yaro bara.

Ba gadar sama ce maganin cunkoso ba? Me ya sa wasu ke ƙorafi?

Kano ta ga gadojin sama da na ƙasa da yawa cikin 'yan shekarun nan. Ƙofar Nasarawa da Kabuga da Gadon Ƙaya a mulkin Kwankwaso na biyu, Dangi da Hotoro da Ƙofar Ruwa a na Ganduje, sai Ɗan Agundi da Tal'udu da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗauko. Ba za a ce ba su yi amfani ba. Inda manyan hanyoyi biyu suka gicciye, raba su sama da ƙasa yana sauƙaƙa wa mai wucewa.

Amma gada mahaɗa ɗaya take warwarewa. Motocin da ta saki da gudu a mahaɗa ta gaba za su sake taruwa. Sannan cunkoson titi irin na Zariya ba duka daga mahaɗa yake ba. Da yawansa daga gefe ne: lodi da sauke fasinja a kan hanya, ajiye mota a bakin shago, tirelar da ke sauke kaya da rana tsaka, masu ƙafa da suka sauko kan kwalta don an cinye musu wurin tafiya. Titi mai layi uku da aka cinye ɗaya da rabi, ko an ƙara masa na huɗu cinye shi za a yi. Kuma an sha gani a duniya cewa faɗaɗa titi yana jawo ƙarin motoci. A Houston ta Amurka an faɗaɗa wata babbar hanya har ta haura layi 20 a wasu wurare, aka gama a 2008, ba a yi shekaru masu yawa ba cunkoso ya dawo.

A ganina abin da ya kamata jama'a su tambaya shi ne: wace hanya aka gwada a takarda kafin a tsaya kan gada? An lissafa abin da danja mai aiki da wuraren tsayawa da tashar lodi a wajen kwalta za su yi? Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, gada hoto ne mai kyau ranar buɗewa, lambatu da dandamalin masu ƙafa kuwa ba mai zuwa yanke musu kirtani.

An yi gadar tsallakawa amma mutane sun ƙi hawa. Ba laifinsu ba ne?

Wani lokaci ganganci ne, ba musu. Amma in ka ga jama'a da yawa sun ƙi abu, ka duba abin. Gadar da tirela za ta wuce a ƙarƙashinta sai ta kai wajen mita 6 a sama. Mai ciki da tsoho da mai ciwon gwiwa da mai buhu a ka, hawa da saukar nan ba wasa ba ne. Mai kura da mai keken guragu kuwa matakala ta riga ta kore su. In za a yi musu gangare yadda ya dace, mita 12 na tsawo ga kowace mita 1 ta tudu, ana maganar sama da mita 70 kowane ɓangare. In kuma an kafa ta nesa da ƙofar kasuwa, ko babu fitila da dare, ko ta zama makewayi, to an gina ta ne don kallo.

A wurare da yawa tsallakawa a ƙasa ta fi: danja ta masu ƙafa, tudun rage gudu kafin wurin, da tsibiri mai faɗi a tsakiya inda mutum zai tsaya da yaransa. Gudu shi ne makashin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa sau 4.5 in gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa. Sabuwar kwalta mai santsi kuwa gudu take ƙarawa, don haka maganar tsallakawa a yi ta tare da maganar kwaltar, kada a bari sai an yi rashi sannan matasa su fito da siminti su yi nasu tudun da dare.

Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haɗa da hanyoyin ƙafa da wuraren tsallakawa, kuma wa'adin shekara 5 da ta bayar ya cika.

Ba gara a kori adaidaita sahu daga manyan tituna a huta ba?

Tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, adaidaita sahu ce ta ɗauki nauyin garin. An ga haka ƙarara a yajin aikinsu na Janairun 2022, da ɗalibai da ma'aikata suka riƙa taka sayyada. Tuƙin wasunsu abin takaici ne, kowa ya sani. Amma korarsu ba tare da an ajiye abin da zai ɗauki mutanen ba, mun ga ƙarshenta.

Legas ta fara manyan motocin bas na haya da ake kira BRT a Maris 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, kimanin kilomita 22, a kan layin da aka keɓe musu. Abin lura shi ne ƙungiyar direbobi ta NURTW aka jawo ciki, har ta kafa ƙungiyar haɗin gwiwa da ta gudanar da motocin farko. In ana son bas a Titin Zariya, a zauna da masu adaidaita tun ana zane, a ware musu inda za su kawo fasinja daga lunguna su sauke.

An shafa jan fenti a ginina. Za a biya ni?

Sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya ce a biya diyya. Sai dai diyyar ta gini ce da bishiyoyi da shuka da sauran abin da ka kafa, ba ta ƙasar kanta ba, kuma ana cire tsufan gini daga ƙiyasin. Nan ne mutane suke shan mamaki. Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a biya ba tare da jan ƙafa ba, ya kuma ba ka damar zuwa kotu.

Ranar ƙiyasi ka tsaya da kanka. Ka ɗauki hoton ginin ciki da waje kafin a taɓa shi, ka tabbatar an rubuta rijiya da shago da katanga, ka nemi kwafin abin da aka rubuta. Kana da damar ɗaukar ƙwararren mai ƙiyasta kadarori ya tsaya maka, amma ka sa a karanta maka takardar wakilci da kason da zai cira kafin ka dangwala. In gidan na gado ne, magada su daidaita tun yanzu kan wanda zai tsaya. Wanda kuma ya shigo da gininsa cikin hurumin titi ba da izini ba, da wuya ya samu komai.

Ni tebur gare ni a bakin titi, ba ni da takarda. Ina da bakin magana?

Kina da shi, Hajiya, ko da ba ki da haƙƙin diyyar fili. A ayyukan Bankin Duniya ma ana lissafa irinku a ba su tallafin tashi. A sauran ayyuka sai kun nema. Ku haɗu ku rubuta sunayenku da sana'ar kowa da shekarun da ya yi a wurin, ku ajiye rasit ɗin kuɗin da ake karɓa a hannunku. Abin da za ku nema shi ne wa'adi isasshe da wuri kusa da inda mutane ke wucewa. Mai ƙosai da mai shayi da aka kai bayan gari, sati biyu za su dawo bakin titi, kuma hukuma ta san haka.

Lokacin aikin fa? Ƙura da kewaye sun kashe mana ciniki.

Wannan a yi maganarsa kafin a fara. Motocin da aka karkatar cikin layukan unguwa suke bi, su farfasa kwalbatoci, su cika ɗakuna da ƙura, yara kuma suna wasa a ƙofar gida. Ku nemi a faɗa muku ta inda za a karkatar, a hana manyan motoci bin lungu, a riƙa yayyafa ruwa, a sa gadar katako ko ƙarfe a kan ramin da aka haƙa a ƙofar shago, a kuma gyara layukan in an gama. A kan wannan titi akwai ƙari guda da ba a wasa da shi: hanyar motar asibiti ta kasance a buɗe dare da rana.

Yaya za mu kai koke a saurare mu?

A rubuce, shafi ɗaya ko biyu, buƙatu uku ko huɗu da za a iya nunawa a kan zane. “A tausaya mana” ba ya shiga zane. “A sa wurin tsallakawa a ƙofar makaranta, yara kaza ne ke tsallakawa tsakanin bakwai da takwas” yana shiga. Ku zaunar da matasa biyu su ƙirga na kwana uku, ku haɗa da hotuna. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe. Ku ba kansila da ɗan majalisar jiha da hakimi nasu. In shiru ya yi yawa, gidajen rediyon Kano suna da shirye-shiryen koken jama'a da jami'ai ke saurara da kunnen basira. Ku dai tsare harshe, kuma kada ku bari a sa wa kokenku hular wata jam'iyya, don ranar da aka sa masa, rabin unguwa sun fita.

An gama an buɗe, ruwan farko ya shigo mana gida. Ya wuce ke nan?

Bai wuce ba tukuna. Kwangilar titi takan zo da wa'adin gyaran aibu, galibi wata 6 zuwa shekara 1 bayan miƙa aiki, kuma ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har wa'adin ya cika. Duk abin da ya lalace ko aka yi ba daidai ba a cikin wannan lokaci, shi zai gyara da kuɗinsa. Ku tambayi ma'aikatar ranar da wa'adin zai ƙare. Ku ɗauki hoton ruwan yana shiga da shatar da ya bari a bango, da kwanan wata, ku kai wa injiniyan da ke sa ido a rubuce kafin ranar.